Shiƙa a Gaban Likita

Tun da muka dawo daga Kano ba ku bar ni na huta ba. A bakin rijiya tambaya, a wurin suna tambaya, har a gidan gaisuwa Ta-Annabi ta matso kusa da ni tana raɗa, wai da gaske ne an cire wa yarinyar ƙashi a wuya. Na gaji da maimaitawa. Kowace ta ji kuma sai ta ƙara nata gishirin, har labari ya zagayo ya same ni cewa ƙahon akuya aka ciro. Malamarmu ta karatun manya ce ta ce tunda hannuna ya faɗa da rubutu, in zauna in rubuta sau ɗaya, mai so a karanta mata. To ga shi. Wadda ta ga rashin kunya a ciki ta yi haƙuri, ta bari sai ta kai ƙarshe.

Yarinyar da ake magana 'yata ce ta fari. Ku 'yan Dogo-Dogo kun san abin da wannan ke nufi, amma saboda baƙo bari in faɗa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido, in aka tambaye ta lafiyarsa sai ta yi kamar ba da ita ake ba. Ranar da aka yaye ta Inna mahaifiyata ta ɗauke ta. A ɗakin Inna ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji a Guci. Ni Yaya take ce mini, don yadda ta ji ƙannena suna kirana ke nan. Ni kuwa in ta kama dole sai in ce "ke", ko "waccan". Shekara ashirin da shida muna haka, ban taɓa jin wani abu ya ragu ba, don ni ma haka aka yi mini.

Kaka biyu da suka wuce ta zo taya mu aikin hatsi. Muna masussuka ana shiƙa, ta ɗaga ƙwarya sama da kanta tana zubo gero a hankali, iska na kwashe ƙaiƙayi. Ina gefe ina tara soshiya, wato zangarniyar da aka sussuke, ina kallonta ta wutsiyar ido, don uwa ba ta kallo amma babu abin da ke wuce ta. Sai na ga hannunta na dama ya canza. Tafin ya yi fari fat kamar an tsoma shi a toka, yatsun suka saki, ƙwaryar ta suɓuce. Ta sunkuya tana yarfe hannun, kafin ta gama kwashe geron jini ya dawo. Ta sake ɗagawa, ya sake yi. Sau huɗu na ƙirga a yinin nan. Amma bakina bai buɗe ba, don in na faɗa na tona wa kaina asiri ke nan cewa kallonta nake yi. Na ce a raina Inna za ta lura. Inna kuwa idonta ya riga ya yi hazo, kafin wata kakar ma Allah Ya karɓi abinsa.

A Guci dangin mijinta suka yanke hukunci cewa ragwanci ne. Ciwon da ba ya tashi sai an ɗauki taɓarya ko an riƙe tulu a ka, me za a kira shi? Mijin yana can arewa wurin haƙar zinariya. Wanzami ya yi mata ƙaho a kafaɗa, aka sha rubutu, aka yi shafe-shafe. Ita kuma da ta ji ana ce mata raguwa sai ta daina faɗin lokacin da ciwon ke tashi, ta ci gaba da aiki tana cije baki. Bana gab da girbi aka kawo mana ita a kan kabu-kabu, wato babur ɗin haya, hannun naɗe da zane. Ƙanwarta ce ta kwance, ni ina leƙowa daga bakin madafa. Kan yatsanta manuni ya yi baƙi ƙirin kamar an ƙona, na kusa da shi ya fara shuɗi. Ƙanwar ta taɓa ta ce sanyi kamar gindin randa. Na zauna a kan turmi.

Maigidan yana fama da gwiwa, ga gero a gona. Da la'asar ya tsaya a bakin ɗakina, bai dube ni ba.

"Babu Inna yanzu," ya ce. "Ke za ki kai ta."

Washegari muka hau kabu-kabu biyu zuwa Dungas. Rairayin hanya ya kayar da namu sau ɗaya, na tashi da yashi har cikin kunne, mai moton yana ba ni haƙuri yana dariya. A gidan likita majo, wato babban mai duba marasa lafiya, ya karɓe mu da kirki. Ya auna mata tansiyo, wato hawan jini, ya kama wuyan hannun ya ce jini yana bugawa. Ita tana zaune kanta a sunkuye, hannuwanta a kan cinya cikin hijabi, yadda 'yar mutunci ke zama a gaban uwarta.

"Yaushe yake miki ciwo?"

"Kullum," ta ce, da ƙyar ake jin ta.

Ya juyo gare ni. "Ke ce uwarta?"

Na dubi bango. Shi ɗan ƙasa ne, ya gane, ya yi murmushi bai sake tambayata ba. Ya ce abin ya fi ƙarfin nan, ya rubuta mana takarda zuwa Magariya.

A Magariya muka sauka a wurin wata 'yar garinmu mai tuyar ƙosai, muka kwana biyu cikin ƙaurin mai. Dokotoron can ya ɗebi jini ya ce ba ciwon suga ba ne, ya saurari ƙirji ya ce zuciya lafiya. Ya daɗe yana juya yatsun. A nan ma hannun yana kan cinya, a nan ma ta ce kullum, a nan ma na dubi bango.

"Wani abu yana tare jini, amma ban ga inda yake ba," ya ce. "Akwai na'urar da ke ganin jijiyoyin jini, sai Damagaram ko Kano. Kada ku kwana uku. Baƙin nan hawa yake yi."

Na kira maigidan ta salular mai ƙosai. Ya ce Kano, don matar marigayi ɗan baffansa tana can, Hajiya Binta, akwai wurin sauka.

Ni ban taɓa wuce kasuwar kan iyaka ba. Motar da muka shiga ta mutum biyar ce aka cusa mu tara, da buhun wake biyu a baya da wani dattijo rungume da zabbi. A kan iyaka aka sauke mu. Wani mai kaki ya karɓi kartidantite ɗinmu, katin shaida ke nan, ya duba tawa, ya duba tata, ya nuna ta da baki.

"Mama, wannan wace ce?"

"Tare muke."

"Na ga tare kuke. 'Yarki ce?"

Na dubi tayar mota.

"To mene ne sunanta?"

Jama'a, zufa ta keto mini. Mutum bakwai a tsaye suna jira, direba yana buga ƙofa. Na ce, "Ai yana nan a rubuce a hannunka." Nan fa fuskarsa ta canza. Ya kira ɗan'uwansa, suka koma gefe, na ji suna maganar matan da ke tsallakar da 'ya'yan mutane zuwa aikatau. Ni! Ni da ko kazar wani ban taɓa tsallakarwa ba! Dattijon nan mai zabbi ne ya cece ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ka gani? 'Yar fari ce. Dubi hancinsu." Mai kakin ya dube ni, ya dube ta, ya fashe da dariya, ya ce kakarsa ma haka take, amma shi ya zaci abin ya mutu tare da su. Ya miƙo mana takardunmu yana girgiza kai.

Daga nan kwalta ce, amma mai ramuka. Ita tana gefen ƙofa, da mota ta fara tsalle sai ta miƙa hannun ta kama mariƙin da ke saman taga. Ba a yi nisa ba na ga tafin ya fara fari. Ita ba ta gani, don fuskarta na ƙasa, sai dai na ga tana cije leɓe. Ga shi a gaban idona, tsakaninmu ba tazarar taki ɗaya. Kun san abin da na ce? Na ce, "Ke, dawo tsakiya, iska na damuna a nan." Muka sauya wuri, hannun ya sauka, jini ya dawo. Na ji daɗin dabarata har ina yaba wa kaina.

Kano kuwa, ku bar ta. Ban ga ƙarshenta ba, ban ga farkonta ba. Abin da na fara lura da shi, babu mai gaida kowa. Na gaida mutum ya fi goma a tasha kafin yarinyar ta ja gefen mayafina. Muka shiga wani keke mai ƙafa uku da ke kutsawa tsakanin manyan motoci, na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga makewayi.

Hajiya Binta mace ce mai jiki, mai murya, mai alheri. Ta rungume mu, ta kawo ruwa a ƙulle cikin leda, sai an huda da haƙori. Na huda nawa ya tsartu a fuskar Hajiyar. Ta kawo fura, na ce alhamdu lillahi ga abin da na sani, ashe a inji aka dama ta, aka zuba mata sukari, aka sa ta a firji har tana kama haƙori. Ba gaya, ba gardin gero, sai ka ce kunun jarirai. Makewayinsu kuma kujera ce fara tas, a cikin ɗaki, kusa da inda ake kwana. Kwana biyu ina jin nauyin ɓata ta. Gurasarsu dai na yarda da ita, da ƙuli da albasa, wannan ko a gida zan ci.

Amma duk wannan ba shi ya girgiza ni ba. Muna zaune maƙwabciya ta yi sallama ta ce, "Maman Halifa tana ciki?" Hajiya Binta ta amsa. Na tambaya wane ne Halifa. Ta ce ɗanta na fari. Na riƙe baki. Wato ba kiran sunansa kaɗai take yi ba, sunan nasa ne ya zama nata, ana shelarsa a titi! Can sai ga shi ya shigo, ƙato mai gemu, ma'aikaci, ya zauna a gefen uwarsa ya sa hannu a kwanonta, ita kuma tana tsince masa nama tana cewa ya rame. Na rasa inda zan sa idona. Na saci kallon tawa, na ga ita ma su take kallo, amma ba irin kallon da nake yi ba.

"Ke kuma Maman wa za mu ce?" in ji Hajiya Binta.

"Ku ce Hassu. Sunana ke nan."

Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta yi dariya har da tafi. "Au, har yanzu kuna nan? Allah Ya shirye ku, mutanen Faransa."

Asibitin da Halifa ya kai mu gari ne guda. Su ba sa cewa gidan likita, kuma komai sai an yanki kati an bi layi. Tun hantsi muke kan benci sai bayan azahar aka kira mu. Na zaci zan ga dattijo mai furfura, sai ga yarinya da gilashi, ba za ta girmi tawa da shekara biyar ba. Wai ita ce likitar jijiyoyin jini. Na ce a raina mun sha hanya a banza.

Ta wanke hannu, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Baƙin ya kai gaɓar farko. Ta taɓa wuyan hannun dama, ta taɓa na hagu, ta auna jini a hannu biyun. Ta ce na dama ya ɗan fi rauni, amma yana bugawa. Ta yi tambayoyi da yawa, ko tana shan taba, ko ta taɓa ɓari, ko akwai mai irin wannan a dangi.

"Me kike yi in ya tashi? Akwai aikin da ke tayar da shi?"

Na ga yarinyar ta haɗiye yawu. Na san abin da ke ranta, kalmar nan ta Guci ce, raguwa.

"Kullum ne," ta ce.

Likitar ta ja numfashi ta fara rubutu. Ta ce abubuwa da yawa suna kawo haka, za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Za a fara da gwajin jini kala-kala da hoton zuciya, wasu sakamakon sai sun yi kwanaki. Za ta ba da maganin tsinka jini kafin nan.

"Amma ba zan ɓoye muku ba," ta ce. "In ba mu gano inda abin yake fitowa da wuri ba, ba yatsa kaɗai za a rasa ba. Yana iya kaiwa a yanke hannun."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta sa hannun hagu ta rufe na daman, kamar mai rufe jariri. Hannun daka, hannun cin tuwo, hannun da za ta ɗauki 'ya'yanta biyu da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Likita," na ce. Muryar ta fito kamar ba tawa ba. "Ki sa ta yi shiƙa."

"Ta yi me?"

"Shiƙa. Ta gero."

Ta ce ta san kalmar, amma a birni aka haife ta, ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda ake yi ba. Ikon Allah, mai ganin cikin jijiya ba ta san shiƙa ba! Na waiga, babu ƙwarya, sai kwanon shanmu a cikin jaka. Na ciro shi na ce, "Ke, tashi." Ta tashi tana kallona kamar na zautu. Na ɗora mata kwanon a hannu, ta ɗaga shi iya ƙirji ta tsaya, kunya ta hana ta. Sai na kama wuyan hannun da kaina na ɗaga shi sama da kanta, na karkata shi gefe yadda ake ba iska hanya. Rabona da taɓa fatarta tun ranar yaye.

A ƙarƙashin yatsuna ina jin jijiyar tana bugawa. Tana bugawa, tana bugawa, ta rage, ta rage. Sai ta tsaya. Wallahi ta tsaya cik, kamar na riƙe hannun gawa. Tafin ya yi fari, kwanon ya faɗo ya yi ƙara a kan siminti.

Likitar ta riga ta miƙe. Ta karɓi hannun daga wurina ta sauke shi, ta jira, ta sake ɗagawa. Ta sa ta juya kai gefe ta ja numfashi ta riƙe. Ta sa ta ɗaga hannu biyu tana dunƙulewa tana buɗewa, na hagu yana ta yi, na dama ya faɗi tun ba a je ko'ina ba. Ta ɗora abin sauraronta a ramin da ke saman ƙashin wuya, ta saurara, ta danna wurin da yatsa. Ta ce akwai abu mai tauri a nan, kuma jini yana huci in zai wuce. Ta yaga takardar da ta fara rubutawa.

Ta ce bugun jini yakan ɓace wa wasu masu lafiya ma in sun ɗaga hannu, don haka ba za ta yanke hukunci ba sai ta gani da ido. A ranar aka kai mu wani ɗaki, aka shafa mata wani abu mai yauƙi a gindin wuya, aka ɗora wani ƙarfe mai waya. Sai na ji ƙara daga cikin na'urar, fuu, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri. Aka ce jininta ne ke tafiya. Na ce a'uzu billahi, yau ga jini yana magana. Likitar ta ce, "Mama, ɗaga mata kamar ɗazu." Na ɗaga. Ƙarar ta siranta, ta zama kamar fito, ta ɗauke. Ɗakin ya yi tsit. Na sauke hannun da sauri, ƙarar ta dawo da ƙarfi. Ban san ina kuka ba sai da mai na'urar ya miƙo mini takardar share fuska.

Washegari aka yi mata radiyo, su hoto suke cewa. Aka kuma sa ta cikin wani inji mai kama da bakin rijiya, bayan an yi mata allurar wani ruwa da ta ce ya zagaye jikinta da ɗumi. Sau biyu aka ɗauka, hannu a ƙasa da hannu a sama. Likitar ta kira mu ta maƙala hoton a jikin fitila.

"Kun ga wannan? Haƙarƙari ne."

"A wuya?"

"A wuya. Ƙari ne, da shi aka haife ta. Wasu suna da shi har su mutu ba su sani ba. Nata ya tokare babbar jijiyar da ke kai jini hannu. Tsakanin wuya da kafaɗa akwai 'yar ƙofa da jijiyoyi ke bi, in ta ɗaga hannu ƙofar sai ta matse, ƙashin ya danne jijiyar."

Ta nuna inda jijiyar ta kumbura a bayan matsin. Ta ce shekara da shekaru ana murza ta, ta ji rauni, jini yana daskarewa a wurin, gudajin suna ɓallewa su gangara su toshe yatsu. Baƙin ke nan. Ni dai ina tsaye ina kallon ƙashin nan, ɗan ƙarami, bai kai yatsana ba. A cikina aka halicce shi. Wata tara ina ɗauke da shi ban sani ba.

"Mama, Allah Ya yi miki albarka, kin rage mana hanya," in ji likitar. "Yaushe kika fara lura?"

Da na yi ƙarya. Amma yarinyar tana tsaye a wurin.

"Kaka biyu."

Ta ajiye alƙalaminta. "Shekara biyu? Kin faɗa wa wani?"

"A'a."

"Me ya sa?"

"'Yar fari ce."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire gilashinta ta goge ta mayar. Ta ce a lokacin nan da wuya in gudajin sun fara, da ƙashin kaɗai za a cire, yatsu biyar cif. Ta faɗa a hankali, ba don ta ƙona ni ba, ni na tambaye ta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma ba irin kunyar da aka koya mini ba ce.

Bayan kwana huɗu aka yi operasiyo, su tiyata suke cewa. Hajiya Binta ta zauna da ni a kan benci tun safe, tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba don kada in yi tunani. Wajen la'asar aka ce an gama. An cire ƙashin, an gyara jijiyar, an yanke kan manuni daga gaɓar farko don ya riga ya mutu. Sauran sun tsira.

Aka shigar da ni inda take kwance, ba ta farfaɗo ba. Wata ma'aikaciya tana ɗan bubbuga kumatunta, ba ta motsa ba. Ta juyo ta ce, "Mama, ki kira ta. Sun fi jin muryar uwa."

Na matsa na ce, "Ke. Ke, tashi."

"Haba Mama, wace ce ke? Sunanta za ki kira."

Na dubi ƙofa, babu kowa daga Dogo-Dogo. Na dubi hannun a naɗe, yatsun da suka leƙo sun yi ja kamar na mai rai. Na taɓa su, da ɗumi. Sunan nan kullum yana cikin bakina, a sujada ina faɗinsa, amma ban taɓa jin sa da muryata ba. Na sunkuya daidai kunnenta.

"Salamatu."

Shiru.

"Salamatu, tashi, an gama."

Idanun suka motsa, suka buɗe da ƙyar. Ta daɗe tana kallona, maganin barci bai sake ta ba, shi ya sa ma ta iya kallona haka kai tsaye. Leɓenta ya motsa, na kai kunne.

"Yaya," ta ce, "ashe kin san shi?"

Na zauna a ƙasa, a kan simintin asibitin mutane, na kifa kaina a bakin gadon. Ma'aikaciyar ta zaci wani abu ya faru, ta ruga kiran likita.

Mun yi sati uku kafin a sallame mu. Ƙashin ma an nuna mini shi a cikin kwalba, don haka Ta-Annabi ki kwantar da hankalinki, ba ƙaho ba ne. Ranar tafiya Hajiya Binta ta rako mu tasha da gurasa cike da leda, mota na tashi ta ɗaga murya a gaban duniya, "Sai wata rana, Maman Salamatu!" Na ja mayafi na rufe fuska, amma na ɗaga mata hannu. A kan iyaka muka tarar da mai kakin nan. Ya gane ni, ya fara dariya tun daga nesa, ya ce, "Mama, yau za a faɗa?" Na faɗa masa. Ya sara mini.

Da muka iso gida kun cika tsakar gida, kuna nan lokacin da Goggo Abu ta ce, "Ya jikin waccan?" na ce, "Salamatu ta samu sauƙi." Na ga yadda kuka riƙe baki, na ga wadda ta zunguri wata. Ban ji haushi ba, ni ma haka na yi a gidan Hajiya Binta. Ba kuma na ce kowa ta bar abin da ta gada ba, kowa ta san ɗakinta. Mutanen Guci dai sun zo dubiya, uwar mijin ta ga hoton ƙashin, ta yi ta salati, kalmar nan ba a sake jin ta ba.

An gama girbi ba mu nan, amma maigidan ya bar mana damin gero a rumbu. Da likita ta ba da izini, watanni bayan nan, Salamatu ta zo muka fitar da shi. Ta ɗauki ƙwarya ta ɗaga sama da kanta. Hannun bai canza ba. Sai dai manunin ba ya kai wa bakin ƙwaryar, wurin ya zama giɓi, gero yana ɗan zubowa ta nan. Ita ba ta taɓa ce mini komai a kansa ba. Ni na san kaka biyun da suka cinye shi.

Ban koma gefe tara soshiya ba. Na jawo turmi na kifa a gabanta na zauna, ina kallonta da idona biyu har ta gama.